Kafin a kashe injina: yadda shirin rufe ma'adanarmu ke tafiya

9 ga Janairu

Na fara wannan rubutun ne don kar abubuwa su dinga wucewa ina mantawa. An miƙo min aikin sabunta shirin rufe wurin haƙar da nake aiki. Buɗaɗɗen rami ne, muna da juji biyu na dutsen da ba shi da ma'adini, sai dam ɗin telin, wato taɓon da ke saura bayan an niƙa dutse an cire abin da ake nema. A lissafin masu tsara haƙa saura kamar shekara shida a tsaya. Na ɗauko tsohon shirin na karanta, abin da ya faɗa kan juji bai wuce layi uku ba, a gyara gangare, a zuba ƙasa, a shuka ciyawa. Ko sau ɗaya kalmar asid bata fito ba.

Da yamma na zagaya gindin tsohon jujin, wanda aka daina zuba masa tun kafin in zo. Ta gabas akwai wani ɗan tsattsafo, ruwan ba yawa, amma duk duwatsun da yake bi sun rine ja kamar tsatsa, gefe-gefe kuma wani farin gishiri ya bushe kamar an barbaɗa. Ba ciyawa a inda ya bi, ba kwaɗo, ba ko ɗan ƙwaron nan mai yawo a saman ruwa. Na tsoma mita, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda 7 ne tsakiyarsa kuma yana raguwa in tsami ya ƙaru, ya sauka ƙasa da 4. Kuma ruwan garau yake a inda yake fitowa, da a kofi aka miƙo maka ba za ka ce komai ba, abin da ya fi tayar min da hankali kenan.

Ga wanda bai san abun ba, tushensa wani dutse ne mai ƙyalli da ake kira fairait, ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Yana kwance a ƙarƙashin ƙasa shekaru miliyoyi bai cuci kowa ba, saboda iska bata kai masa. Mu ne muke fasa shi mu fito da shi sarari, to da ya haɗu da iskar oksijin da ruwa sai ya fara haifar da asid, asid ɗin ya narko ƙarfe da tagulla da zink da asenik da duk abin da ya tarar, ya bi ruwa ya tafi. Idan tsamin ya yi ƙarfi akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da suke jin daɗin wurin su ƙara masa gudu ninki ba ninki, daga nan narkakken ƙarfen da kansa yake komawa yana cin sauran fairait ɗin. Shi ya sa in ya kankama tsayar da shi yake da wuya sosai.

24 ga Janairu

Sati biyu muna cikin rumfar da ake ajiye sandunan dutse da injin haƙa ya ciro tun lokacin bincike. Ni da masanin duwatsunmu mun ɗan yi sa-in-sa, shi yana so mu ɗebi samfur daga akwatunan da ke kusa da ƙofa mu gama, na ce masa Injiniya don Allah ka yi haƙuri, idan bamu ɗiba daga kowane irin dutse da kowane zurfi ba, amsar da za ta dawo ba ta ramin nan bace, ta akwatunan bakin ƙofa ce. Ya yarda, kuma gaskiya shi ya nuna min wani baƙin dutse mai laushi da ba na ma kallonsa, ya fasa da guduma ya ce duba nan, sai ga fairait ƙanana-ƙanana kamar ƙura. Irin wannan ya fi manyan masu ƙyallin hatsari nesa ba kusa ba, don ƙanƙantarsa na nufin fuskar da iska za ta taɓa tana da yawa.

Lissafin da lab zasu mana ba wahala a takarda. Kashi 1 cikin 100 na farar wuta a dutse, in duk ya ƙone, yana buƙatar kilo 31.25 na dutsen farar ƙasa a kowane tan kafin a kashe asid ɗinsa. A ce dutse na da kashi 2, kilo 62.5 kenan a tan ɗaya, yanzu ka buga wannan da tan miliyoyin da ke juji ka ga. Ko a faɗa ta wata hanya, tan ɗaya na farar wuta yana ba da kusan tan 3 na asid. A ɗaya ɓangaren kuma ana auna abin da dutsen yake ɗauke da shi na maganin kansa, kabonet, wato dangin farar ƙasa masu kashe asid, irin su kalsait da dolomait. Hanyar awon ta samo asali daga aikin wani masani mai suna Sobek na 1978, har yau da sunansa ake kiranta.

21 ga Fabrairu

Sakamako ya dawo. Ana raba ƙarfin magani da ƙarfin asid, in amsar ta gaza 1 dutsen mai haifar da asid ne, in ta haura 2 ana ɗaukarsa lafiyayye, tsakanin 1 da 2 kuma ba wanda zai rantse maka. Wannan ma'aunin da jagororin kula da ruwan asid na ma'adanai, wato MEND na Kanada da GARD Guide, suke bi shi muka ɗauka. Baƙin dutsen nan ya faɗo ƙasa da 1 ba gardama. Na saman rami wanda ya riga ya ruɓe tun fil azal ya fito lafiya, don farar wutarsa ta daɗe da wankewa. Matsalar ita ce wani dutse ruwan toka mai yawan gaske, wasu samfuransa sun zauna a tsakiya wasu sun ɗan haura 2.

Mun ƙara da gwajin NAG, a zuba ruwan haidirojin feroksaid a garin dutse a tilasta masa ya ƙone a dare ɗaya maimakon shekaru. Na tsaya na kalli na baƙin dutsen, ya dinga tafasa yana kumfa har kwalbar ta ɗau zafi. In pH ɗin ƙarshe ya sauka ƙasa da 4.5 alama ce mara kyau. Dutsen nan ruwan toka ya tsallake da ƙyar. Na rubuta shi a rukunin lafiyayyu amma da alamar tambaya a gefe.

6 ga Maris

Mun kafa tukwanen gwajin dogon zango yau. Kowanne kilo ɗaya na fasasshen dutse, kwana uku busasshiyar iska na ratsa shi, kwana uku iska mai danshi, ranar bakwai a wanke da ruwa a auna abin da ya fito, a sake daga farko. Ka'idar ASTM D5744 muke bi. Gwajin farko yana gaya maka ko asid zai iya zuwa, wannan shi ne zai gaya maka yaushe kuma da wane gudu. Bayan su na sa an cika manyan durom na roba da dutse kamar yadda tifa ke kawo shi, aka jera su a waje da famfo a gindi, su sha rana da ruwan sama irin wanda jujin zai sha.

27 ga Maris

Sati uku. Wankin farko ya fito da gishiri da yawa, wannan tsohon abin da ya taru ne a jikin dutsen tun yana rumfa, yanzu ya fara lafawa. Sai jira.

17 ga Afrilu

Zama da manaja. Na san tambayar da zai yi kuma ya yi ta, ya ce me zai sa mu wahalar da kanmu yanzu muna tsakar haƙa, in an zo rufewa a gina injin zuba laim, wato ƙonanniyar farar ƙasa, a kashe asid ɗin kawai. Ba tambayar banza bace, injin laim yana aiki, ana ɗaga pH ƙarafa su kwanta su zama taɓo a tace ruwan a sake shi. Na ce masa ranka ya daɗe injin zai yi aiki, amma wa zai kashe shi, kuma yaushe?

Na kawo masa wuraren da kowa a wannan aikin ya sani. Iron Mountain a Kalifoniya ta Amurka, an daina haƙa tun 1963, har yau ana tace ruwansa, can ne aka auna ruwa mai pH ƙasa da sifili, har 3.6 ƙasa da sifili. Wheal Jane a Cornwall ta Ingila, ma'adanar kuza, an rufe a 1991 aka kashe injinan jan ruwa, ruwa ya dinga hawa a cikin ramuka, a Janairun 1992 ya ɓalle, wajen lita miliyan 50 na jan ruwa ya bi kogin Carnon har teku, kuma yau sama da shekara talatin ana kan tace shi. Equity Silver a Kanada an rufe 1994, an rufa jujinsu da yumɓu da kyau, duk da haka laim bai daina shiga ba. Duk wuraren nan kuɗin shiga ya tsaya tuntuni, na fita bai tsaya ba, ga taɓon da injin ke fitarwa shi ma sai an nema masa wurin zama har abada.

Abin da na fi nanata masa shi ne, yanzu kowace tifa dama can sai ta ɗauki dutsen ta kai wani wuri, to ƙarin kuɗin kai shi wurin da ya dace kaɗan ne. In an bari sai an rufe, sai dai a sake hayo eskabeta da tifofi a tono abin da aka riga aka cakuɗa, kuma cakuɗaɗɗen juji ba ya rabuwa. Ya yi shiru, ya ce a gwada na wata uku a gani ko zai rage gudun haƙa. Na karɓa da hannu biyu.

9 ga Mayu

An fara rarraba dutse. Duk inda za a fasa, ana ɗibar garin da ke fitowa daga ramukan nakiya a auna farar wuta, sai a kafa tutoci, ja na mai asid, kore na lafiyayye, rawaya na tsakiya. Mai ja yana tafiya can tsakiyar sabon jujin, kore ya kewaye shi ƙasa da gefe da sama.

Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne canja yadda ake juyewa. Da can tifa tana ja da baya har bakin gangare ta juye daga sama, manyan duwatsu su gangara gindi ƙanana su tsaya a sama, ba tare da kowa ya nufa ba an gina wa iska hanya, ta shiga ta ƙasa tsakanin manyan, ƙonewar fairait tana fitar da zafi, iska mai zafi ta hau sama ta janyo sabuwa, juji ya zama murhu mai hura kansa. Ina bayanin nan wani dattijo mai tuƙa katafila ya ce, yarinya ai na daɗe da sanin wannan, zo gobe da asuba ki gani. Na je. A saman tsohon jujin ya nuna min wata tsaga, tururi na fita a hankali, na sa hannu na ji ɗumi kamar numfashin dabba, ga wani ɗan wari mai kama maƙogwaro. Na ce Baba tun yaushe, ya ce shekaru, ba wanda ya taɓa tambayarsa. A ranar na sa aka rubuta wurin cikin inda za a dasa na'urar awon zafi da oksijin.

Yanzu a sabon jujin ana juyewa tsibi-tsibi a fili, katafila ta baje shi siriri, tifofi su bi ta kai su danne, bayan kowane hawa a shimfiɗa ƙasa mai laushi a daddale. Direbobi sun yi ƙorafi da farko don zagayen ya ƙaru. Kwana huɗu da farawa masu aikin dare suka juye lodin ja a gefen kore, tutar ce iska ta kayar ba wanda ya lura. Ban nemi laifin kowa ba, na roƙi a kwashe da safe aka kwashe, muka koma fentin duwatsun kan iyaka ban da tuta.

19 ga Yuni

Ruwan farko ya sauka da ƙarfi. Farin gishirin nan da na gani a Janairu asid ne a ajiye, ruwa na taɓa shi ya narke gaba ɗaya, tsattsafon gabas ya ƙaru kuma awonsa ya fi na duk watannin baya muni. Mun riga mun haƙa masa ɗan tafki da leda a ƙasa muna mayar da ruwan zuwa masana'antarmu ta niƙa dutse, Allah ya sa mun yi da wuri. An kuma gama kwatar da ke karkatar da ruwan tudu kar ya ratsa jujin. Ruwa mai tsabta ya wuce da tsabtarsa, wannan aiki ne mai araha da ya kamata a ce an yi tun ranar farko.

16 ga Yuli

Telin. Nan ne kaina ya fi ɗaukar zafi, kuma sati uku muna kai da kawowa.

Telin gari ne laushi, fairait a cikinsa an niƙe shi, duk fuskarsa a buɗe. Muddin masana'anta na aiki ana ta zuba sabo jiƙaƙƙe a kai ba ya samun damar ƙonewa, ranar da aka tsaya saman ya bushe ya tsage, ranar ake fara lissafi. Maganin da ya fi kowanne ƙarfi a kimiyyance shi ne a nutsar da shi a ruwa, don oksijin yana ratsa ruwa kusan sau 10,000 a hankali fiye da yadda yake ratsa iska, kuma lita ɗaya ta ruwa bata riƙe fiye da miligiram 8 zuwa 9 nasa. Ruwa mai zurfin mita ɗaya ko fiye a kan telin yana kusan kashe maganar.

Sai dai injiniyan dam ɗinmu ta ce sam, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce Hajiya kina so ki bar min ruwa a bayan bangon ƙasa har abada, ba ma'aikaci ba mai gadi? Ta tuna min Aznalcóllar a Sifen, 25 ga Afrilu 1998, dam ya fashe taɓon fairait da ruwan asid suka bi kogin Guadiamar har kusa da gandun Doñana. Da Mount Polley a Kanada a Agustan 2014, wanda kwamitin bincikensa ya ba da shawarar a daina tara ruwa a saman telin. Da Brumadinho a Birazil, 25 ga Janairu 2019, mutum 270 suka mutu, kuma dam ne da aka riga aka daina zuba masa. Bayan shi ne aka fitar da ka'idar duniya ta kula da telin a 2020. To ga yadda abun yake, mai kimiyyar ruwa na son jiƙa, mai dam na son bushewa, kuma kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Inda muka tsaya yanzu, kar mu zaɓi ɗaya, mu raba telin ɗin. Masana'anta dama da kumfa take ɗago ma'adini, in aka ƙara layi ɗaya a ƙarshe za a iya ɗago fairait ɗin shi ma, ya fito shi kaɗai ɗan kaɗan mai tsananin hatsari, sauran mai yawan ya zama kusan yashi mara farar wuta. Mai hatsarin a kai shi gindin ramin da aka gama haƙa, can ƙasa da inda ruwan ƙasa zai dawo ya tsaya, rami ba bango gare shi da zai fashe ba. Mai tsabtan kuma a shekarun ƙarshe a dinga shimfiɗa shi a saman tsohon telin ya zama murfi. Masu masana'anta sun ce zasu gwada a ƙaramin inji su ga nawa farar wutar za ta sauka. Ina matuƙar son wannan ya yiwu.

21 ga Agusta

Sati 24 na tukwane, kuma yau ban ji daɗi ba ko kaɗan.

A sati na 20 an so a rufe gwajin don ana cewa ya isa, na roƙi a bar shi. Baƙin dutse ya yi tsami tun da wuri, wannan mun sani. Amma ɗaya daga tukwanen dutsen nan ruwan toka, wanda ya zauna wajen pH 7 wata biyar cur, sati uku kenan yana gangarowa, salfet, gishirin da farar wuta ke komawa in ta ƙone, yana hawa, zink ma ya fara bayyana tun kafin tsamin ya iso. Na sa aka sake awo da wata mitar ko tawa ce ta lalace, amsa ɗaya.

Muka aika a duba irin ma'adinan da ke cikinsa, ashe yawancin kabonet ɗinsa sidarait ne, kabonet na ƙarfe. A gwajin gaggawa yana shanye asid sai a rubuta masa maki, amma daga baya ƙarfen da ya saki yana yin tsatsa ya maido da asid ɗin da ya sha, a ƙarshe ba riba. Ɗan kalsait ɗin gaske da ke ciki shi ya riƙe wata biyar ɗin, da ya ƙare sai gaskiya ta fito. A tukunya wata biyar ne, a juji wannan jinkirin zai iya zama shekaru goma ko fiye, wato sai bayan kowa ya tattara ya tafi, an sa hannu an ce wuri lafiya.

Abin da ya fi min ciwo, tun Mayu wani ɓangare na wannan dutsen muke sa wa koren tuta, yana bangon waje na sabon jujin, an ma yi ciko da shi a wata hanya. Alamar tambayar da na sa a Fabrairu ya kamata ta zama rawayar tuta a fili, ba ta tsaya a takarda ba. Na je na faɗa wa manaja da bakina kafin ya ji a wani wuri. Daga gobe duk ruwan toka rawaya ne, ana lissafa shi da ja har sai an sake awon maganinsa ta hanyar da ke cire sidarait daga lissafi. Masu safiyo suna fitar mana da taswirar inda aka zuba shi, sa'ar da muka yi duk lodi a rubuce yake.

18 ga Satumba

An fara kwashe ruwan tokan daga bangon waje, na hanya kuma za a tone shi in ruwa ya ɗauke.

Mun kuma gina filayen gwajin murfi guda uku a saman tsohon jujin, kowanne da babban baho a binne a ƙasa mai tara duk ruwan da ya ratsa, da na'urorin danshi da oksijin hawa-hawa. Na farko ƙasa ce kawai mai kauri, ta sha ruwan damina ta riƙe, rana da tsirrai su maido shi sama da rani. Na biyu daddalallen yumɓu a ƙasa da ƙasar kariya a kai. Na uku mai laushi a tsakiya, tsakuwa ƙasa da sama, don laushin ya riƙe ruwansa kar ya tsiyaye, tunda in ramukan ƙasa suka cika da ruwa sama da kashi 85 cikin 100 oksijin ba ya samun hanyar kirki.

Ban yarda in zaɓi murfi daga kwamfuta kaɗai ba saboda Rum Jungle. Tsohuwar ma'adanar yuraniyam ce a arewacin Ostareliya, ta yi aiki 1954 zuwa 1971, ruwanta ya kashe kifin wani reshe na kogin Finniss. A shekarun 1980 aka rufa jujinta da yumɓu, da farko abun ya yi kyau ƙwarai, bayan wasu shekaru ruwan da ke ratsawa ya fara ƙaruwa, da aka tona sai ga tsagewa saboda bushewa, ga saiwoyi, ga hanyoyin gara. Murfi ba abin da ake ginawa a manta bane, rana da saiwa da ƙwari suna aiki a kansa kullum. Namu filayen zasu sha aƙalla damina uku kafin in amince da ko ɗaya, kuma wanda zan fi sa wa ido shi ne yumɓun in rani ya tsananta.

23 ga Oktoba

Masu lissafin ruwan ƙasa sun kawo aikinsu na farko kan yadda ramin zai cika in an kashe famfuna. Tambayoyi biyu nake bi, ruwan zai tsaya ƙasa da bakin rami yana janyo ruwan kewaye zuwa cikinsa, ko zai hau har ya fara fita? Abin da ya faru a yammacin Witwatersrand na Afirka ta Kudu kenan a 2002, tsofaffin ramukan zinare suka cika ruwan asid ya ɓullo a fili. Na biyu, shekara nawa cikar za ta ɗauka, don duk tsawon lokacin bangon ramin da fairait ɗin da muka zuba a gindi suna shan iska. In cikar za ta yi jinkiri dole mu karkato ruwa mu cika ƙasan da sauri, mu kuma haɗa laim tun wurin zubawa. Na mayar musu da aikin su sake da shekarun fari a jere, ba matsakaicin ruwan sama kawai ba.

A satin nan kuma mun zauna da mutanen da ke amfani da rafin da ke ƙasa da mu. Na tafi da kwalba biyu, ɗaya ruwan tsattsafo da ya kwana ya yi ja, ɗaya na rafin, na faɗa musu abin da muka gano har da kuskuren da muka yi kan dutsen nan ruwan toka. Wata dattijuwa ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, 'yata duk na ji, amma in kun tafi wa zai dinga tsoma wannan abin naki a ruwa, kuma in ya nuna ba daidai ba wa za mu kira? Na ce Mama wannan tambayar ita ce babin da ban rubuta ba tukuna. Na dawo na buɗe masa shafi, da wuraren awo, da sau nawa, da lambar da in an haura ta dole a motsa, da kuɗin da za a ajiye tun yanzu a inda kamfani ba zai iya taɓawa ba ko da ya karye.

20 ga Nuwamba

Sati 37. Tukunya ta biyu ta ruwan toka ta bi ta farko, sauran biyun suna nan a 7. Ba za a rufe ko ɗaya ba, na samu an sa hannu su ci gaba har shekara mai zuwa. Sabon awon magani ya dawo, ya raba ruwan tokan gida biyu, na arewacin rami yana da kalsait na gaske, na kudu kusan duk sidarait, don haka masanin duwatsu yana sake zana iyaka, wani ɓangare zai koma kore da hujja wannan karon.

Gwajin ɗago fairait a ƙaramin inji ya rage farar wutar sosai amma bai kai inda nake so ba, suna canja magani su sake. Manaja bai ƙara maganar wata ukun nan ba, rarraba dutse ya shiga tsarin haƙa na baɗi a rubuce. Tsohon jujin ne har yanzu ban da amsarsa, na'urar da muka dasa a tsagar da Baba ya nuna tana nuna zafi da oksijin har can ciki, ko dai a rufa shi a inda yake a yarda za a tace tsattsafonsa shekaru masu yawa, ko a kwashe mafi munin a mayar rami in an gama haƙa. Sati mai zuwa injin haƙa zai hau kansa ya huda wuri shida mu ga me ke cikinsa, na riga na kafa turakun da fenti, biyu daga ciki dab da tsagar.